Gishiri a Cikin Kwaɓi

Kawuna magini ne, shekara arba'in yana zuba kankare. Mutum ne mai ji da hannunsa. In ya bi ta gaban ginin da ya yi, sai ya tsaya ya ɗan bubbuga bangon. Yana da wata dabara da ya gada wurin maigidansa: in ana sauri, sai ya watsa gishiri cikin kwaɓi don siminti ya kama da wuri. Leburori har tsokanarsa suke yi, wai Baba miya yake haɗawa.

Ni kuwa a ɗakin gwaji nake aiki. Akan yanko mana guntun kankare, mu sa a na'ura irin ta asibiti mai hoton ƙashi, mu duba lafiyar rodin da ke ciki. Ranar da aka kawo guntu daga ginshiƙin wata makarantar firamare, nan take na san Kawu ne ya zuba shi.

Na aika masa, ya zo da rigarsa ta fita unguwa. Na nuna masa hoton. Tsatsa ta ci rodin ya sirance, ta kumbura ta tsattsaga kankaren ta ciki.

"Ke 'yar nan, ginin fa ko tsaga babu," in ji shi.

"Daga waje ke nan, Kawu. Gishirin ne ke cin ƙarfen a hankali."

Ya sake duba hoton. Wallahi na ji tausayinsa, har na ce masa rahotona ba ya buƙatar sunan kowa. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Makarantar kun gano. Sauran fa? Wa ya san su in ba ni ba?"

Ya karɓi birona. Rubutu ba gwaninsa ba ne, amma ya duƙufa, gumi na ɗiga: shaguna, gidaje, wani ɗakin haihuwa. Ya san da wannan takarda sunan da ya yi shekara arba'in yana ginawa ya rushe. Gini ashirin da uku ya lissafa. Da ya rubuta na ƙarshe sai ya ɗora yatsa a kai.

"Wannan da kaina zan je," ya ce. "Gidan ƙanwata ne. Uwarki nake nufi; ki faɗa mata kada yara su ƙara kwana a ɗakin sama."