Laka Mai Warin Ƙwai

Kakata Iya ta yi ƙuruciyarta a kurmi, bakin teku, kafin su dawo Zariya. Da magariba, in an sauke tuwo, mukan kewaye murhunta. Takan ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Labarin da ta fi maimaitawa na wani falke ne da ya kora shanu zuwa kasuwar bakin teku. Mai masaukinsa ya tarbe shi da fara'a har ta yi yawa, ya nuna masa wani fili kore shar, ya ce nan ce gajeriyar hanya. Falke ya tsaya yana dubawa. Ga ciyawa, amma ko sawun akuya babu. Itatuwan wurin a cikin ruwan gishiri suke, saiwoyinsu sun tsiro sama kamar yatsu.

"Numfashi suke nema," in ji Iya. "Ƙasar ba ta tsanewa. Ruɓaɓɓen ganye ne bisa ruɓaɓɓen ganye."

Falke ya caka sandarsa, ta shige duka, ta fito baƙa ƙirin tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce, "Maigida, shige gaba mu bi ka." Mai masauki ya ce ƙafa ke damunsa. Ashe shi da mutanensa jira suke shanun su maƙale su samu nama a banza. Falke ya juya da dabbobinsa lafiya.

Ni dai ban taɓa yarda ba. Ina ce mata, "Iya, itace a ruwan gishiri? Ƙirƙira kika yi." Sai ta kau da kai, ba ta dariya.

Yanzu ina aiki a Dubai, ina zaune a unguwar Karama. Wata Asabar na je bakin ruwa a gefen gari, sai ga itatuwan, ga saiwoyin, ga warin. Nan take na kira mahaifiyata, na ce ashe Iya gaskiya ta faɗa.

Umma ta ce, "Rabin labarin ne gaskiya. Falken kakanka ne, kuma bai caka sanda ba. Ya yarda da mutumin. Shanun suka nutse yana kallo."

Na daɗe ina tunanin zargin mutane take koya mana. Yanzu ina ganin mijinta take cetowa, kowace magariba, a cikin labari, wurin da ta iya.