Keken Baturen Holan

Bayan yaƙin duniya na biyu ina zaune ni kaɗai a wani ɗakin kwano a unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki inda aikin hajji ya kai ni, ina sayar da shayi. Matata ta rasu a hanyar Sudan, ba mu haihu ba. Abokin hirata ɗaya ne, wani tela mutumin Jawa, da Larabcin kasuwa muke fahimtar juna.

Wata rana bayan la'asar ya zo da littafin da wani alhajin ƙasarsu ya bar masa, cikin harshen Turawan Holan masu mulkinsu, ya riƙa fassara mini. Marubucin, wani Baturen Holan, kuka yake ta yi a kan yadda sojan Jamus ya tare shi a garinsu ya ƙwace masa keke, ya koma gida a ƙasa, maƙwabta na leƙe.

Tela ya rufe littafin ya ce, "Ya akhi, ashe sun san da zafi. Gonar shinkafar ubana fa suka karɓe."

Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa. Na tuna ranar da sojan Faransa suka kora jakunanmu a Damagaram, ubana na tsaye da igiya a hannu. Shi ma da ƙafa ya koma gida.

Da Turawan Holan suka bar ƙasar su tela, sai ya koma can, ya bar mini littafin. Ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba. Nakan ɗauko shi in jujjuya, haushi ya kama ni. Keke ɗaya ya samu mai rubuta shi, jakunan ubana kuwa ni kaɗai na rage da na san launinsu.