Mai Saya wa Matattu Takalmi

Yau Keti Koti, ranar da muke tuna tsinkewar sarƙar bauta, ko'ina a birnin Paramaribo kiɗa ne. Ina rumfar Ba Kodyo mai takalma a bakin kogi, sai ga wata tsohuwa ta ci ado, ɗankwalinta ya sha sitaci ya ƙame. Ƙafarta kuwa ba takalmi, dugaduganta duk faso.

Ba ta gwada ko ɗaya. Tana ware yatsu a kan wani takalmin yara tana aunawa, tana waiwayen hagunta, inda ba kowa.

"Iya, bana na wane ne?" in ji Ba Kodyo.

"Na yarinyar da aka zane a gonar rake don ta saka na uwargijiyarta. Ta ce wannan ya matse ta. Kawo na gaba da shi."

Bai yi dariya ba, ya kawo. Kowa ya san a zamanin bauta doka ta hana bayi sa takalmi, amma ban taɓa ganin mai bin su ɗaya bayan ɗaya tana saya musu ba. Wataƙila kakarta ce ta bar mata sunayensu. Wataƙila da kansu suke zuwa.

Ta biya, ta ajiye takalmin a matakalar kogi, bakinsa na kallon gari.

"Ke fa, Iya, yaushe za ki sa naki?" na tambaye ta.

"In layin ya ƙare, ɗana."

Ta juya tana duban bayanta, idonta na tafiya har can nesa.