Ƙafafun da Baba Ya Yi wa Maus

Wata Juma'a ce da yamma, cikin daminar 1989, muna dogon hutu. Ina tsakar gidanmu na haya a Narayi ina carafke da 'yan matan gidan, sai ga Mama ta dawo daga aiki, ko sannu da zuwa ba ta amsa ba, ta wuce ɗaki tana riƙe da bakin zaninta kamar wadda ta ɗauko garwashi. Na watsar da duwatsuna na bi ta. Na tarar ta kwance ƙullin a gaban Baba, ga wani ɗan farin abu kamar sabulun wanka, da doguwar waya a jikinsa. Ranar na fara ganin maus ɗin kwamfuta, ina da shekara goma sha ɗaya. "Baban Saratu," in ji ta, "na shiga uku."

Shara Mama take yi a ofishin wani kamfanin 'yan kwangila can wajen Rido, kusa da matatar mai, kuma albashinta kaɗai ke riƙe da gidanmu tun da aka rage ma'aikata a masaƙar da Baba yake aiki a Kakuri. Da shi ake biyan haya, da shi ake saya mana littattafai ni da ƙannena. Sauran kuwa sai 'yar gonar masara da ke bayan gida, da gyaɗar da nake dafawa in kai bakin titi. A ofishin akwai kwamfuta guda ɗaya tak, kuma oga ya sha faɗa cewa ta fi motarsa tsada. Mama ba ta taɓa ganin ana aiki da ita ba, don kafin ma'aikata su zo ta gama shara, sai kuma bayan sun tashi ta koma ta goge tebura. A ƙarƙashin maus ɗin akwai wasu 'yan ƙafafu huɗu, sirara kamar ɓawon albasa, dama sun cinye saboda ja a kan katako. Ita kuwa Mama mace ce da ba ta iya ganin dauɗa ta ƙyale. Ta ga baƙi ya taru a gefensu, ta sa tsumma da ɗan kananzir ta dirje, sai ƙafafun suka bi tsumma. Tsoro ya hana ta tunani, ta cire wayar, ta ƙulle abin a zani ta fito da shi ta gaban maigadi, da niyyar ta mayar kafin kowa ya zo ranar Litinin.

Baba dai ko a jikinsa. Tun da ya rasa aiki ya zama mai gyaran unguwa ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Risho, lema, tocila, rediyo, hannun bokiti, duk nan ake kawowa, ya zauna a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida da tsohon gwangwaninsa na biskit cike da ƙusoshi da guntayen waya. Ba wani abin kirki ake ba shi ba, wani lokaci sannu ce kawai, amma gyaran nan shi ya hana shi zama kamar marar amfani. Ya juya maus ɗin ya duba, ya yi dariya ya ce, "Wannan ne ya sa ki kuka? Ai ko jirgin sama ne ƙafarsa ta cinye, kawo mini."

Ranar Asabar, bayan na ɗebo ruwa a rijiya na share tsakar gida, aka shiga aiki. Mama ta ce a yi shiru da maganar, amma ina ake sirri a gidan da ɗakuna ke kallon juna? Kafin hantsi kowa ya kewaye mangwaron, har Mama Terfa, 'yar Binuwai da ke ɗakin kusa da namu, ta bar wankinta ta zo da kumfa a hannu. Baba ya kifa rediyonsa ya nuna mana ƙafafun roba da ke ƙarƙashinta. Ya ce, "Duk abin da aka yi wa ƙafa, so ake ya tsaya daram." Sai ya lura da wata 'yar ƙwallo a cikin maus ɗin tana leƙowa ta ƙasa, ya yanke hukunci cewa aikin ƙafafun shi ne su ɗaga ta kada ta taɓa tebur ta cinye. Ashe kenan masu kauri ake bukata. Aka duba duk gidan, babu robar da ta kai shuɗin silifana sabunta. Ni da kaina na cire na miƙa, ina jin kaina kamar wadda aka zaɓa ta yi karatu a gaban coci. Ya sa reza ya yanko guntaye huɗu daga dunduniya, biyu a kowace ƙafa, ya goge su da dutse suka yi sumul, ya shafa sholishon facin keke, ya hura, ya manna. Da ya bushe sai ya ɗora maus ɗin a kan tiren Mama ya karkata shi. Ko motsi bai yi ba. Aka yi ta tafi, Mama Terfa ta ce ai Turawa ma ba su yi masa ƙafa irin wannan ba, Mama ta yi ajiyar zuciya ta tashi ta ɗora tuwo.

Litinin da sassafe ta tafi da shi. Wajen tsakar rana sai ga motar kamfani ta tsaya a ƙofar gidanmu, abin da bai taɓa faruwa ba. Direban ya ce oga yana son ganin injiniyan da ya yi aikin. Yana faɗa yana cije leɓe, amma wa ya kula? Kallon kitse muka yi wa rogo. Mama Terfa ta rangaɗa guɗa tana cewa aiki ya zo. Baba ya shiga ɗaki ya sako kwat ɗinsa ta zuwa coci da hula, ya shafa mai a fuska, ya ce mini, "Saratu, zo ki ga kwamfuta da idonki." Na shige mota ina ɗaga wa ƙawayena hannu, kai ka ce Legas za ni.

Muna shiga ofishin sanyin na'ura ya doke ni, sai na hango Mama tsaye a lungu, idanunta jajur. Ogan, Mista Gyang, matashi ne, Baba ya girme shi nesa ba kusa ba. Ya kira Baba kusa, ya ɗora hannu a kan maus ɗin ya tura. Abu ya kafe, ya yi ƙiiii a kan tebur, ya tsaya. Ya nuna mana wata 'yar kibiya a fuskar kwamfutar, ya ce tun safe ta ƙi motsi. Ashe abin nan ja ake yi, santsi yake so, kuma ƙwallon da Baba ya ɗaga ita ce dole ta taɓa tebur ta yi ta juyawa. Wayyo ni! Ma'aikata suka taru suna dariya, wani har da riƙe ciki. Mista Gyang ya kifa maus ɗin ya ɗaga sama kowa ya ga shuɗiyar robar, sai wani dogo ya kalli ƙafata ya ce, "Ga ma shagon da aka sayo kayan gyaran nan." Aka sake fashewa. Na ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, amma silifan duka biyun an yanke musu dunduniya, wacce ƙafa zan ɓoye? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sakatariyar ofishin ta karɓi maus ɗin, ta ɓamɓare robar da farce, ta yanka 'yan guntayen salatif ta jera biyu-biyu a gurbin ƙafafun, ta shafe da yatsa. Ta ajiye ta tura, abu ya tafi sululu, kibiya ta bi. Aikin da Baba ya yini a kansa, ita ko zama ba ta yi ba.

Daga nan dariya ta ƙare. Mista Gyang ya ce shi ba robar ce ta dame shi ba, fita da kayan kamfani ta ƙofa ba da izini ba shi ne laifin, kuma hukuncinsa kora. Ya ce Mama ta ajiye tsintsiya ta tafi. Ban taɓa ganin Mama ta durƙusa wa kowa ba sai a wurin addu'a, amma ranar ta zube gwiwa biyu a kan siminti a gaban yaron da ta kusa haifa. Ta ce, "Oga, ka dubi Allah ka dubi yarinyar nan. Ni kaɗai ce mai kawo abinci a gidanmu. Maigidana ba shi da aikin fari balle na baƙi, zaman gida ne ya sa yake taɓe-taɓe, ba abin da ya sani. In ka kore ni, wa zai ciyar da su?" A gaban mutane ta faɗi haka, Baba yana tsaye cikin kwat ɗinsa. Na ɗaga kai na dube shi, ina jira ya yi faɗa ko ya fita. Sai ya cire hula ya riƙe da hannu biyu, ya ce, "Gaskiya ta faɗa, ranka ya daɗe. Ban san komai ba." Wannan maganar ta fi dariyar ƙona ni. Mista Gyang ya kawar da kai, ya ce Mama ta tashi. Ba za a kore ta ba, amma daga ranar ba ta ƙara shiga ɗakin kwamfuta, sharar waje da wankin bayi za ta riƙa yi.

Ba mota a komawa. Mama ta tsaya ta ƙarasa aikinta, ni da Baba muka tako har bakin titi muka hau bas, ya cire kwat ɗin ya ninke a cinya. Haushi nake ji, na rasa na wa: na Mama da ta zubar masa da mutunci, ko nasa da ya yarda. Muna isowa Mama Terfa ta taro mu tana tambaya yaushe za a fara aiki, Baba ya ce mata, "Sun ce za su neme ni," ya shige ɗaki. Da yamma Mama ta dawo ta same ni ina wanke-wanke ina kumbure-kumbure. Ta ce, "Saratu, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Na ci gaba da wanke kwanuka. Da ta kai wa Baba tuwo ta daɗe tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu, sai na ji ya ce, "Shigo mana, Maman Saratu. Ai kin yi daidai." Washegari ya fito da gwangwaninsa ƙarƙashin mangwaro kamar kullum, sai dai daga ranar duk abin da aka kawo masa yakan ce a fara nuna masa yadda ake aiki da shi.

Yanzu Narayi ta cika ta batse, gonar masararmu ta zama shaguna, yara ƙanana suna jan maus tun kafin su iya ɗaura zani, kuma in ƙafarsa ta cinye ba mai tsayawa gyara, sabo ake saya. Ni ma da kwamfuta nake cin abinci. Mama ta yi ta wanke bayin nan har muka gama sakandare dukanmu, kuma har ita da Baba suka koma ga Ubangiji ban ƙara jin ɗayansu ya tayar da maganar ba. Sau da yawa nakan so a ce suna nan, in zauna tsakaninsu in yi musu sannu. Da kunyar ranar nan aka yi mana makaranta.