Ranar da hotona ya fita daga shafin ɗana

Ko mantuwar tsufa ta ci min komai, ba za ta ci ranar da na nemi fuskata a shafin ɗana na intanet na rasa ba.

A ƙarshen shekarun 1990 ina wanki a wani asibitin mishan a yankin Madawa. Matata ta rasu, 'yan matana suna gidajen mazajensu wajen Allakaye. Ɗan farina kuwa ya daɗe a Abijan, yana aiki a gidan buga takardu. In na tashi daga aiki sai in tafi makarantar manya, muna koyon baƙaƙe a gindin itacen bedi. Gaskiya ba son karatu kaɗai ke kai ni ba, shirun gidan ne ke koro ni.

Wani ɗan garinmu da ya dawo daga ci-rani ya ce min yaron yana cikin odinata, wato kwamfuta, duk duniya na ganinsa. Na je wurin sakatariyar asibitin, wata Kirista mai yawan barkwanci, wadda ke da odinatar da aka haɗa da wayar tarho. Ta ce, "To Baba, mi sunanai?"

Na kau da kai. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ko kallonsa ba ya cika yi cikin mutane. Ta yi dariya ta ce, "Baba, injin ga bai san kunya ba. In bakinka ya ƙi, hannunka ya faɗa." Da yatsa ɗaya na nemo baƙaƙen na danna.

Hoton ya riƙa sauka a hankali, daga sama: hula, goshi, sai ga ni tsaye kusa da marigayiya. Ƙasa da mu ya sa hoton gidanmu da wasu zane-zanensa na wasa. Na koma bakin bahon wanki, amma ranar nan ban ji nauyin zannuwan gado ba.

Daga nan duk wata nakan leƙa, in layin Yamai ya yarda. Shafin ya riƙa canzawa. Aka ga kalandar da ya tsara wa wani shago, sai tambarin masu motocin haya, sai bangon kaset. Sakatariyar ta ce masu ba da aiki nan suke dubawa kafin su kira shi. Hoton gidan ya ɓace. Namu ya ƙanƙance ya koma can ƙasa.

Wata rana bayan girbi muka buɗe, muka sauka har ƙarshe. Aiki ne kawai, jere-jere, mai kyan gaske. Babu ni, babu uwarsa. Na ce ta sake dubawa, ta duba. Ba ta yi wasa ba ran nan. Ta ce, "Ya zan shafin sana'a, Baba. Amma ya san kana kallo kuwa?"

Bai sani ba. Ta ina zai sani? Mutumin da ke gabanka yana gane kunya a idonka. Wanda ke Abijan shiru kawai yake ji. Tsoro ya kama ni cewa abin da ya rage tsakaninmu shi ne ya fita tare da hoton.

Ta nuna min wurin da ake rubuta wa mai shafi, ta ce in faɗa ta rubuta. Na ƙi. Na zauna ina laluben baƙaƙe har masu jiran ta suka fara tsaki. Na rubuta: "Babanka ne. Ina gani duk wata. Aikinka ya yi kyau."

Sati ya wuce, wani ya bi shi. Ina cikin shanya sakatariyar ta ƙwala min kira ta taga, wai amsa ta zo. Ta so ta karanta min, na ce ta bari, na haɗa baƙaƙen da kaina: "Baba, ashe ka iya karatu? Na ɗauka ba wanda ke dubawa daga gida. In na yi sabon aiki kai za ka fara gani."

Bai zo gida a shekarar ba, hoton ma bai koma shafin ba, ni ban roƙa ba. Gidan yana nan da shirunsa. Amma kowane sabon zane wurina yake fara zuwa, in ce wannan ja ya yi yawa, ya ce ban san zamani ba.

Har yau ban kira sunansa da bakina ba. Sai dai na koyi cewa in naka ya yi nisa, abin da ke ranka sai ka faɗa masa, don daga can ba ya iya ganin fuskarka.