Sallamar da ban amsa wa Malam Sule ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni, kuma ya same ni ne a irin halin da ni kaɗai, Habu Tela, zan iya jefa kaina ciki.

Gari na wayewa na ɗaura kambas, na rufe wa waya baki don kada masu ɗinki su dame ni, na ɗauki hanya a guje zuwa unguwar su Malam Sule Mai Usur. Cika baki zan je yi masa. Tun daga bakin lungu na fara ɗaga murya: "Tsoho ya makara! Allah gafarta Malam, a fito, ɗalibi ya wuce malaminsa!"

Sai da na sha kwana na ga tabarmi a shimfiɗe. Mutane zaune, kowa kansa a ƙasa. Ni kuma ga ni tsaye a tsakiyarsu da wandon motsa jiki, gumi na zuba, sauran wasan bai gama fita daga bakina ba.

Ƙanensa, Baba Mudi, shi ya taso ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Habu, sai haƙuri. Malam ya riga mu gidan gaskiya, gab da kiran Asuba."

Na ciro waya. Kira bakwai ban ɗauka ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sule tsohon malamin wasanni ne. Ya koyar a Gwiwa, ya koyar a Roni, ya yi ritaya a nan Kazaure. Usur ba ya barin wuyansa, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya koyar da ni a firamare, amma ba na cikin waɗanda ake alfahari da su. Ni karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya. Na ce wa boko sai wata rana, kuma har yau ba wanda ya yi cigiyar wani.

Bara ne jiri ya kwashe ni a kan keken ɗinki. Likita ya auna ni, ya dube ni, ya dubi tumbina. Ya ce jini ya hau, suga kuma tana leƙowa ta taga. Ko in motsa jiki, ko in fara sallama da iyali.

Na yi dariya a gabansa, amma da na fito dariyar ta ƙare. Mahaifina bai kai hamsin ba hawan jini ya shanye masa rabin jiki. Ni ina da arba'in da shida, da 'ya'ya biyar, autar ko firamare ba ta gama ba.

Washegari na fita gudu. Da jallabiya da silifas.

Kun dai san garinmu. Magidanci ba ya gudu sai da dalili. Ban yi nisa ba aka fara: "Lafiya, Habu?" "Gobara ce?" Wani ɗan acaɓa ya sha gabana ya ce in hau ya kai ni, ba sai na biya ba. Mutum biyu kuma suka rufa mini baya da sanduna suna tambaya ina ɓarawon ya bi. Ba ni da numfashin da zan ce musu babu ɓarawo.

A bakin dam na zube a gindin wata darbejiya, ƙirjina kamar ana dakan gero.

Nan ya same ni. Dattijo ya haura saba'in, yana tafe da sassarfa kamar ba ya taka ƙasa. Ya tsaya a kaina ya yi sallama.

Na ce, "Wa alai…" Maganar ta maƙale.

Ya jira. Ya sake yi. Ta sake maƙalewa a daidai wurin.

Ya ce, "Ba Habu ɗan Malam Iro ba ne? Wa ya biyo ka?"

Na ce, "Likita ne, Allah gafarta Malam."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ya ce, "To ai likita ba ya gudu. Saurin me kake yi?"

A ranar ya ba ni dokar da ba shi da wata bayanta. Ya ce, "Duk gudun da ba za ka iya amsa sallama a cikinsa ba, ba naka ba ne, na aro ne. Kuma cikakkiya nake so, har wa barakatuhu."

Haka muka fara. Mu yi gudu daga wannan falwaya zuwa waccan, mu yi tafiyar falwaya biyu. Yana gefena, can sai in ji, "Assalamu alaikum." In na kawo ta har ƙarshe, mu ci gaba. In ta tsinke a rahmatullahi, sai ya busa usur, mu koma tafiya.

Ku kwatanta da kanku. Tsoho da mai tumbi suna gudu a gefen titi suna ta gaisawa, kamar waɗanda suka shekara ba su haɗu ba. Masu zuwa gona suka sa mana suna 'yan gaisuwa. Matata Maman Ummi kuwa cewa ta yi, "Ko ba ka rame ba ai ba ka yi asara ba. Kai da Malam kun fi kowa kwasar lada a Kazaure."

Kambas ɗin da na shiga gidan makoki da shi yau, nasa ne. Shi ya kawo mini a leda. Ya yi mini yawa, ya ce, "Kai tela ne, ƙyalle ba zai gagare ka ba." Har yanzu da guntun shadda a bakin yatsun.

Kullum da dabino uku a aljihunsa. Biyu nawa, ɗaya nasa.

Da gwiwa ta kama ni na kwana huɗu ban fito ba, har shago ya biyo ni. Ya sa na kwanta a kan benci yana miƙe mini ƙafa, masu jiran ɗinki suna ta ƙyalƙyala dariya. Bai kula su ba. Da ya gama ya ce da su, "Ku yi dariya da kyau, ita ma motsa jiki ce."

Ranar da na koma awo jini ya sauka, shi na fara kira kafin matata. Bai ce komai ba sai, "Alhamdu lillahi. Gobe ƙarfe shida."

Da matasan gari suka shirya tseren kilomita goma a hanyar Roni, shi ya karɓo mini fom, shi ya cike, don Turancina ba ya wuce layin suna. Na ce, "Malam, da yara zan yi tsere? Ai sai a yi mini waƙa."

Ya ce, "Ba na son kofi, ba na son lamba. Ko kai ne na ƙarshe ba ruwana. Zan tsaya a inda ake ƙarewa in yi maka sallama. Ka amsa mini ita cikakkiya, shi ke nan ka ci."

Na ce na yi alkawari.

Yanzu ga inda na ɓata.

Wani mai kawo ɗinki ya sa mini wata manhaja a waya, mai ƙirga mintoci. Wata Baturiya ce ke magana a ciki. Rabin abin da take faɗa ba na ganewa, amma na fara jin maganarta fiye da ta Malam. Kullum so nake in rage minti. Kai ya fara kumbura tun kafin tumbin ya gama sacewa.

A daidai lokacin ciwon ƙirji ya hana shi gudu. Bai daina fitowa ba. Sai ya zo a hankali ya zauna a kan wani dutse kusa da darbejiyar nan, usur a wuya, yana jiran in wuce.

Shekaranjiya na biyo ta wurin, ina neman karya lokacina na baya. Na hango shi ya dafa sanda ya miƙe tsaye. Ya ɗaga murya: "Assalamu alaikum, Habu."

Ba zan ce ban ji ba. Na ji sarai.

Numfashin ne babu, kuma ban so in rage gudu. Na ɗaga masa hannu, na nuna masa waya, na wuce. A raina na ce in na juyo zan durƙusa in gaishe shi da kyau. Ban juyo ta nan ba. Ɗinkin biki na jira na, sai na yanke ta bayan kasuwa. Jiya ma ban je ba.

Minti biyu na rage a gudun shekaranjiyar. Su ne na kwaso da safen nan zan kai masa.

Baba Mudi ya ara mini riga na ɗora a kan kayan gudu, aka yi sallah da ni. Kun san yadda ake sauri da makara. Tun daga ƙofar gida har maƙabarta ina cikin masu karɓa, kafaɗa bayan kafaɗa, ban yi haki ba ko sau ɗaya. Bara war haka da a hanya za a bar ni. Numfashin da ya koya mini, da shi na raka shi.

Bayan an rufe, Baba Mudi ya ja ni gefe. Ya ce, "Jiya da la'asar ya yi maganarka. Cewa ya yi, in ka ga Habu ka ce masa ya fara gudun aro. Kuma ina bin sa sallama ɗaya."

Na ce, "Baba, cikin fushi ya faɗa?"

Ya ce, "Dariya yake yi. Har tari ya sarƙe shi."

Da mutane suka ragu na koma na tsuguna a bakin kabarin, na ce bari in biya tun yanzu. Na buɗe baki.

"Wa alai…"

A nan ta tsaya. Daidai inda ta tsaya ranar farko. Wannan karon ba gudu na yi ba.

Ni ba malami ba ne, amma ko ɗan aji biyu ya san yin sallama sunna ne, amsawa wajibi. Mutumin da ya yi mini ita sau ba adadi don in rayu in ga auren 'ya'yana, ta ƙarshensa na bar ta a iska saboda minti biyu.

Saura mako uku tseren. Da rana na ce wa Maman Ummi na fasa. Ta ce, "Ka fasa ka ce wa wa? Shi da ya cike fom ɗin ba ya nan balle ya yafe maka."

Don haka zan je. Waya a gida za ta kwana. Duk wanda ke bakin hanyar Roni ranar, in ya hango wani mai guntun tumbi a can baya, bayan yara sun gama har sun sha ruwa, don Allah ya yi mini sallama. Zan amsa. In kun ji ta tsinke, ku ce mini in rage, Malam ba ya son na aro.

Allah Ya jiƙan Malam Sule, Ya gafarta masa, Ya yalwata masa kabarinsa. Duk sallamar da ya yi a bakin titin nan, Allah Ya sa ya tarar da ita a mizani. Ya sa mala'iku su tarbe shi da wadda ta fi tawa. Allah Ya ba iyalansa da Baba Mudi haƙurin rashi, mu kuma Ya sa mu cika da imani.

Wanda duk ya karanta, ba laik nake nema ba. Ka tsaya ka yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu uku ce. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah Ya kai ni ƙarshen hanyar nan da sauran numfashi.

Ba zai tsaya a inda ake ƙarewa ba, na sani. Amma a nan muka yi zan biya, kuma har wa barakatuhu yake bi na.