Ɗan Ɓeran da Kaka Ta Kwance wa Tarko

Shekaranjiya da la'asar, ina gangarowa daga masallaci, wani mutum ya wuce ni yana tura tsohuwa a keken marasa lafiya. Ƙafar keken ɗaya ba ta da mai, sai kuka take yi, ƙiƙ-ƙiƙ, ƙiƙ-ƙiƙ. Na tsaya a gefen hanya har suka shige cikin jama'a. Irin kukan nan ne na saba ji a gidanmu na unguwar Jarwal a Makka lokacin ina 'yar shekara tara, sai dai ba keken mutum ke yin sa ba. Wani ɗan gargare ne na waya a cikin keji, wanda wata 'yar dabba da ba ta cika tafin hannuna ba take shiga tana gudu.

Kawu ne ya kawo min shi, ƙanen mahaifiyata. Direban bas ne, idan aikin Hajji ya zo sai mu yi kwanaki ba mu gan shi ba, yana jigilar alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa da Mina. A shekarar, da aka gama aiki ya huta, ya je Jidda ya dawo da keji a hannu, ya ce ladan cin jarrabawata ne. Masu shagon suna kiran dabbar hamsta. Launinsa kamar zuma, cikinsa fari, kuma in ka ba shi abinci ba ya ci nan take, sai ya yi ta cusawa a kumatu har fuskarsa ta ninka.

Kowa ya yi dariya ban da Kaka, mahaifiyar Baba. Ta leƙa kejin daga nesa, ta ja gyalenta.

"Ɓera ne," ta ce.

"Ba ɓera ba ne, Kaka. Duba, ba shi da jela."

"To an yanke masa. Ɓera ne."

Sai ka san sana'ar Kaka za ka gane dalilinta. Shekaru masu yawa tana dafa wa alhazan ƙasarmu tuwon shinkafa da miyar kuka, waɗanda abincin nan bai karɓe su ba. Tana da wani ɗan ɗakin ajiya a ƙarshen baranda, cike da buhunan shinkafa da gero, da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da alhazai ke kawo mata. In ka buɗe ƙofar, warin daddawa ne zai fara tarbar ka. Gidajen Jarwal na wancan lokaci tsofaffi ne, a jikin dutse, ga ramuka ko'ina, don haka ita da ɓeraye sun daɗe suna yaƙi. Ta kan ce ɓera yana cikin abin da aka halatta kashewa ko a cikin Harami. Tarkuna bakwai gare ta a ɗakin nan, da 'yan murafan kwalba da take zuba guba a ciki.

Baba ya yanke hukunci a ranar: zai zauna, amma cikin keji. Ranar da ya fita ko sau ɗaya, Kawu zai mayar da shi inda ya samo shi.

Watanni biyu na farko lafiya lau. Sai zafi ya kankama, irin zafin Makka da in ka taɓa ƙarfen taga sai ka janye hannu. Na lura ya rage shiga gargaren. Da zarar ya farka da yamma, sai ya kama sandar kejin da haƙora ya yi ta gaigaya, har gashin saman hancinsa ya zube. Wani lokaci ya hau can sama ya rataye, ya sako kansa ƙasa, ya sake hawa. Kejin bai fi tiren shayi faɗi ba. Ina kallonsa, abin yana damuna, amma ba wanda zan faɗa wa.

Don haka na fara satar fito da shi. Bayan la'asar, in Inna ta shiga kicin, sai in rufe ƙofar ɗakinmu in ajiye shi a kan darduma. Yadda ya ruga da gudu ranar farko, yana tsayawa yana shinshina iska, har yau ina gani. Kwana uku ba abin da ya faru. A rana ta huɗu Inna ta ƙwala min kira in miƙo mata faranti. Na ce ai yanzu zan dawo. Na ja ƙofa na fita, ban taɓa lura cewa tsakanin ƙofar da ƙasa akwai fili da ya kai yatsa biyu ba. Da na dawo, babu shi. Na ɗaga katifa, na zazzage kwandon kaya. Sai na hango 'yar ƙwayar masara ɗaya da ta faɗo daga kumatunsa, a bakin ƙofar ɗakin ajiyar Kaka.

Ƙofar a kulle take, makullin kuma yana ɗaure a bakin zanen Kaka. Na daɗe tsaye a barandar. In na faɗa, Baba zai ji, a raba ni da shi. In na yi shiru, ko tarko ko guba. Daga ƙarshe na shiga ɗakin Kaka. Tana zaune kan sallaya tana jan carbi, tana jiran magariba. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina kuka har maganar ba ta fita sosai.

Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Tun yaushe?"

"Yanzun nan."

"Ɗaga ni."

Gwiwoyin Kaka sun daɗe da lalacewa, ko sallah a zaune take yi. Amma a ranar ta dafa kafaɗata har ɗakin ajiya, ta buɗe, ta sa na toshe ƙasan ƙofar da tsohon zane, sannan ta sauka ƙasa a kan gwiwoyin nan nata. Na ji ƙarar da ta yi a hankali. Ta karɓi muciya ta fara bin tarkunan tana taɓa su da bakinta. Tas! Tas! Duk wanda ya fyaɗe sai gabana ya faɗi. Shida ta samu da sauƙi. Na bakwai yana bayan buhun gero, na ce bari in sa hannu, ta doke hannun.

"Ke 'yar nan, kina so a rasa yatsa kuma?"

Da kanta ta ja buhun, tana haki, har ta kai gare shi. Ta tattara murafan gubar ta ƙirga su sau biyu, ta goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Sai ta ce in kawo garin fulawa. Ta barbaɗa shi a ƙasa, ta ajiye bokiti da tawul a ciki da ɗan yankan kokwamba, ta jingina masa katako kamar tsani. Ta ce haka suke kama abin da ba sa son kashewa.

Baba ya dawo daga masallaci ya same mu fari fat da fulawa. Da ya ji labari, ya buɗe baki zai yi magana, Kaka ta riga shi.

"Kai, tafi ka ci abincinka. A ɗakina yake, baƙona ne. Sai na sallame shi za ka yi naka hukuncin."

Bayan sallar asuba muka buɗe ƙofar. Ga 'yan sawaye a kan fulawar, ƙanana kamar an ɗiga su da tsinke, sun zagaya buhun shinkafa sau da yawa kafin su nufi katakon. Yana cikin bokitin, ya naɗe a tawul, kumatunsa sun cika da shinkafar Kaka. Ta sunkuya ta daɗe tana kallonsa.

"Me ya ci masa hanci?"

"Ƙarfen keji yake gaigaya, Kaka."

Can ta ce, "Abu mai rai in kika tsare shi, ke za a tambaya. Wannan alhaki ne. Amma abin da kika yi jiya ma ba tausayi ba ne, sakaci ne."

Ban san abin da ta faɗa wa Baba ba, amma Kawu bai zo ɗaukar kejin ba. Maimakon haka, da yammar ranar Kaka ta kira ni falo. Ta sa na kwanta rub da ciki, kumatuna a ƙasa, ta ce in faɗa mata duk abin da nake gani. Na ga wayar fanka, na ga ramin da ruwa ke bi in an wanke ɗaki, na ga wata allura da ta ɓace wa Inna tun azumi. Duk muka kawar, muka toshe ramin. Da farko da matasan jingina muka kewaye wurin, ya haye su cikin ƙiftawar ido. Sai ta sa aka yanko manyan kwalayen dabino, masu santsi da tsawo, muka haɗa su suka zama ɗan fili. Ta sa masa kwano da yashi da ta wanke ta shanya, yana birgima a ciki, da 'yan kwalaye masu huji da zai ɓuya. Abincinsa ma ta hana ni zubawa wuri ɗaya, ta ce in watsa ya nema da kansa.

Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta sassautawa. Ba a tashinsa daga barci, sai ya farka don kansa bayan magariba. A rufe taga saboda kyanwar maƙwabta. Duk wanda zai shigo falon ya zauna, ba a tafiya. Kuma ko wa ya kira ni, ba na tashi sai na mayar da shi keji. Gargaren ma ta ɗiga masa man zaitun, ta shimfiɗa kwali a cikinsa don kada ƙafarsa ta zurma tsakanin wayoyin. Da Kawu ya kawo wata ƙwallon roba da ake sa shi ciki yana gangarawa, Kaka ta kalli yadda ya bugi ƙafar tebur sau biyu, ba ya ganin gabansa, ba ya iya fita. Ta buɗe ta sake shi. Ƙwallon ta koma wurin ajiye zarenta.

Ba ta taɓa ɗaukarsa da hannu ba. In ya nufo ta sai ta mayar da shi da bayan ludayi. Amma kullum tana nan, ta miƙe ƙafa, daga magariba zuwa kiran isha. A wannan zaman ne ta fara ba ni labarin yadda iyayenta suka taho da ita tana ƙarama, da shekarun da suka yi a Sudan suna noman auduga kafin su ƙetare teku. Ban taɓa jin ta faɗa wa kowa ba. Idonta na kan ɗan ɓeran, bakinta na can wata ƙasa.

Shekara biyu ya yi da mu, irinsu ba sa daɗewa. Kaka ce ta yago min farin ƙyalle na naɗe shi. Ita ma ta rasu kafin a rushe layinmu. Inda gidan yake yanzu otal ne mai hawa da yawa, mu kuma muna unguwar Zahir, a bene mai tayil da ƙofofin da ko iska ba ta bi ta ƙarƙashinsu.

Bara 'yata ta matsa sai an saya mata nata. Yanzu komai a shirye ake sayar da shi, shingen wasa da gargare marar ƙara da yashi a leda, ta waya za ka aika a kawo har ƙofa. Babu ramin toshewa, babu tarko. Abin da na lura babu mai sayarwa shi ne wanda zai zauna. Ita tana kan allonta na kwamfuta, ni ina kan wayata, dabbar na zagaye ita kaɗai. Sai na sa doka, bayan magariba mu ajiye komai mu zauna ƙasa. Ta yi ta ƙunƙuni da Larabci, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ni kuma na ƙi amsa mata sai da Hausa. Makon jiya ɗan ɓeran ya sami wata kusurwa da shingen ya ɗan buɗe, ya nufe ta a guje. Kafin in motsa na ji ta ce, "Umma, tare can, tare can, zai fita!" Na tare. Ita ba ta ma san da wane harshe ta yi maganar ba, ni kuwa ban gaya mata ba.